Me motar da ba ta da direba take kallo?

Wasiƙarmu ta farko daga wani direban tirela ce a Maraɗi. Ya ce shi mai ido biyu ma rami kan shammace shi, to motar da ke tuƙa kanta yaya take sanin abin da za ta sa wa ido a kan hanya?

Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Motar na amfani da kyamara, amma ita kyamara ba ta san akuya ba, ba ta san bishiya ba. Ɗigo-ɗigon launi kawai take kwasowa, miliyoyi, kuma mota na gudu, babu lokacin tantance su ɗaya bayan ɗaya. A 1998 wasu masana uku a Amurka, Laurent Itti da Christof Koch da Ernst Niebur, suka fito da dabarar kwaikwayon idon mutum. Kwamfuta ta duba launi, ta duba haske, ta duba karkatar layuka, duk wurin da ya sha bamban da kewayensa ta ba shi maki. Jar riga a tsakiyar koriyar gona, maki mai yawa. Sararin sama, kusan babu. Daga nan sai ta fara bincike a inda maki ya fi yawa.

To amma kai ka sani, abin da ya fi ɗaukar ido ba lallai shi ne haɗarin ba. Allon talla mai ƙyalli ya fi fitowa fili a kan yaro mai baƙaƙen kaya da ke shirin tsallaka titi da magariba. Shi ya sa masu bincike kan ɗauki motsin idon direbobi suna tuƙi, su koya wa na'ura inda ake kallo.

Gani ma kaɗai bai wadatar ba. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta hango wata mata tana tura keke da dare, wajen daƙiƙa 6 kafin ta iso gare ta. Na'urar ta yi ta sauya ra'ayi, mota ce ko keke ne, har motar ta buge matar, ta rasu. Wannan rashin gane abin da aka gani, a ganina, shi ne babban abin da ya kamata a gyara kafin a saki waɗannan motoci cikin jama'a.

Wata ɗaliba daga Kano ta tambaya, ina batun hazo? 'Yar'uwa, hazo kan dusashe launi da haske, watau ainihin abin da dabarar masanan nan uku ta dogara a kai. Dole a haɗa wa kyamara na'urar rada, wadda ƙura ba ta cika hana ta aiki ba.