Hukuncin Yi Wa Iyaye Marsiyya

Wani ɗalibina a Darini, wanda 'yan bindiga suka kashe mahaifinsa, ya tambaye ni ko ya halatta ya rubuta masa marsiyya, watau waƙar makoki. Na ce masa ya halatta. Annabi (S.A.W.) da kansa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa a Abwa, ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi kuka. Abin da Shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da ƙorafi a kan ƙaddara. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta ambaci kyawawan halayensa, ta roƙa masa rahama. Yaron nan ya kawo mini baiti goma. Biyu kaɗai na sa ya sake, inda fushi ya rinjayi addu'a.