Tsaron Birni: Daga Ganuwa Zuwa 'Yan Sintiri

Wanda ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ko Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofar Gayan, zai ga sauran ganuwa ta zube, yara suna wasa a kanta. A dā ita ce tsaron birni daga maharan waje. Amma ɓarawon cikin gida ba ganuwa ke kama shi ba, sai sanin juna. Baƙo ba ya kwana a unguwa sai mai masaukinsa ya gaya wa mai unguwa, shi kuwa mai unguwa ya kai magana gaba har ta isa fada. Dogarai ne ke kamu. A zamanin Turawa aka ƙara 'yan doka na En'e.

Bari mu tsaya kaɗan a kan 'yan doka, gama a nan darasin yake. 'Yan gari ne, sun san kowane lungu da kowane zaure, shi ya sa ɓarawo ke shakkarsu. Amma wannan sani ya zama abin tsoro ga mai gaskiya kuma. A shekarun siyasa kafin 1966 an yi kuka da yawa a Arewa cewa ana sa su kama 'yan hamayya, musamman 'yan NEPU. Bayan soja sun karɓi mulki a 1966, gwamnati ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. An rabu da wancan zalunci, amma sai ga ɗan sanda daga nesa wanda bai san Kwarbai ba, balle Limancin Kona.

Tun daga nan gwamnati take neman hanyar maido da sanin nan. A 2016 Jihar Kaduna ta yi dokar kafa rundunar 'yan sintiri ta jiha, wato KADVS. A 2020 sabuwar dokar 'yan sanda ta ce a kafa kwamitocin tsaro na jama'a, Gwamnatin Tarayya kuma ta yarda a kashe naira biliyan 13.3 a kan aikin. Bukata kuwa a fili take: a watan Yuni 2021 masu satar mutane sun shiga makarantar Nuhu Bamalli a Zariya da dare, suka tafi da ɗalibai da malamai. A 2023 Gwamna Uba Sani ya ɗebi mutum 7,000 domin KADVS.

Mu dai a ganinmu shirin yana da kyau, muddin an riƙe iyakarsa. Aikin ɗan sintiri shi ne ya lura, ya kama, ya miƙa wa 'yan sanda, alƙali kuwa ya yanke shari'a. Sa'anda taro ya yi ihun "ɓarawo" aka hau mutum da duka, ba a bincika kome ba, mai yiwuwa kuwa baƙo ne da ya ɓata hanya.

'Yan'uwa, da yawanmu muna zaune a Wusasa, da Tudun Wada, da Sabon Gari, muna shiga birni domin kasuwa ko aiki. Kadan an kira taron tsaro a unguwarmu, mu tafi, mu zauna tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama ɓarawo ba ya tambayar addinin mai akuya. A can mu yi tambaya uku: wa ya zaɓi 'yan sintirin nan, wa ke biyansu, wurin wa kuma za a kai ƙara idan ɗayansu ya cuci mutum?