Wanda ya taɓa zuwa Kware zai iya riƙe kujerar mulki?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, a majalisun hira na Jega da Aliero da Maiyama akwai makamin da ake zarowa idan hujja ta ƙare: a ce ɗan takara wane ya taɓa kwanciya a Kware. Ana nufin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, inda mutanenmu da dama ke zuwa neman magani. Da an faɗi haka shi ke nan, an gama da mutum. Ni da aikina shi ne kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, ina ganin abin da ya kamata a auna shi ne ko mutum zai iya sauke nauyin kujerar a halin da yake ciki yanzu. Katin asibitin da ya taɓa yanka ba ya amsa wannan tambaya.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya fi majalisun hirarmu adalci a nan. Sashe na 66 da na 107 da na 137 da na 182, waɗanda suka shafi majalisar tarayya da majalisar jiha da shugaban ƙasa da gwamna, sun hana takara ne ga wanda aka tabbatar bisa doka cewa hankalinsa ya gushe. Ganin likita ko shan magani ba ya cikin sharuɗɗan. A watan Janairun 2023 kuma shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wa masu wannan lalura wariya. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da rarrabewa. Al-Mawardi, a littafinsa kan hukunce-hukuncen shugabanci, ya raba gushewar hankali mai ɗorewa da wadda ke zuwa ta wuce, bai kuma yi musu hukunci ɗaya ba.

Inda ake rikicewa shi ne kalmar taɓin hankali, da muke cusa cututtuka masu yawa a cikinta. Akwai ciwon damuwa mai tsanani, akwai fargaba, akwai ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kuma sauke shi ƙasa, akwai wanda ke sa jin muryoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ɗaya daga cikin irin waɗannan lalurori. A nan wajenmu da yawa daga cikinsu suna noma, suna koyarwa, suna ciniki a kasuwar Jega, ba wanda ya sani. Mu da muka san Aliero da ɗori mun ga mutanen da aka kawo ranga-ranga da karaya suka koma gona, ba wanda ya ce kada a sake ba su garma. Haka abin yake a fagen mulki: a 1998 firaministan Norway, Kjell Magne Bondevik, ya sanar da jama'arsa cewa ciwon damuwa ya kwantar da shi. Ya huta na makonni, ya dawo bakin aiki, ya kuma sake riƙe muƙamin daga 2001 zuwa 2005.

Za a ce ai hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, kuma kujerar mulki ba wurin gwaji ba ce. Ban raina wannan tsoro ba, domin akwai gaskiya a cikinsa. Ciwon mantuwa na tsufa yana cin tunani a hankali kuma ba ya komawa baya. Wanda ciwonsa ya motsa ya ƙi magani zai iya sa hannu a abin da zai cutar da dubban mutane, haka ma wanda ƙwaya ta kama. Amma hawan jini da ciwon suga su ma ba sa warkewa, ana riƙe su ne da magani, kuma masu su ne cike da ofisoshinmu. Wasu kuma na cewa a tilasta wa kowane ɗan takara gwajin ƙwaƙwalwa. Ganawar awa ɗaya ba ta nuna yadda mutum zai kasance nan da shekara huɗu, likitocin fannin a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma takardar sakamakon za ta zama kayan yarfe. Abin da ya fi damuna shi ne ɗan siyasar da ya san ganin likita zai kashe masa takara zai ɓoye ciwonsa, ya hau mulki ba magani, alhali shi ne ainihin wanda ake gudu.

Giɓin da ke cikin dokarmu yana wajen wanda ya riga ya hau kujera sannan ya gaza. Sashe na 144 da na 189 sun tanadi kwamitin likitoci biyar da zai duba shugaban ƙasa ko gwamna, amma sai kashi biyu cikin uku na majalisar zartarwa sun fara amincewa, wato mutanen da shi da kansa ya naɗa. Mun ga yadda ƙasa ta shiga ruɗani bayan tafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, duk da cewa nasa ciwon na jiki ne. Mun ga Taraba bayan haɗarin jirgin gwamna Danbaba Suntai a Oktoban 2012, inda ya samu rauni a ka, ya dawo gida a Agustan 2013, aka yi ta jayayya kan lafiyarsa har wa'adinsa ya ƙare a 2015. Wakilanmu na mazaɓar Aliero, Gwandu da Jega da na Maiyama, Koko da Besse za su yi wa jama'a aiki idan suka nemi a gyara waɗannan sassa biyu, ta yadda majalisar dokoki ko kotu ma za ta iya buɗe ƙofar binciken, a kuma ƙayyade kwanakin da likitoci za su miƙa rahotonsu.