Darasi: Gidan Mai Bi Ƙaramar Ikilisiya Ce

Karatu: Ayyukan Manzanni 12:5-17, Romawa 16:3-5, Markus 4:35-41

An tabbatar da shigowar annobar korona Kano ran 11 ga Afrilu 2020, wato jajiberin Ista. Daga ran 16 ga wata gwamnatin jiha ta hana fita, majami'u da masallatai suka zauna a rufe. Masu bi a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suka fuskanci tambaya mai nauyi: in babu Fada, babu bagadi, ina Ikilisiya take?

Littafi Mai Tsarki ya riga ya ba da amsa. Sa'ad da Hirudus ya jefa Bitrus a kurkuku, a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus ne masu bi suka taru suna addu'a, can kuwa Bitrus ya nufa da mala'ika ya fisshe shi. Bulus ma ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila. A kan wannan tushe ne Majalisar Batikan ta Biyu, a 1964, ta kira iyali ikilisiyar cikin gida.

Marigayi Paparoma Francis ya bi wannan tafarki. Ran 25 ga Maris 2020 ya kira dukan Kirista su yi Addu'ar Ubangiji tare da tsakar rana, kowa a inda yake. Bayan kwana biyu ya tsaya a dandalin Bitrus Mai Tsarki, ba jama'a, ana ruwa, ya yi wa'azi kan almajiran da hadari ya tsorata cikin jirgi. Ya kuma gargaɗi iyalai su riƙa yin Rosari a gida a watan Mayu.

Ga tsarin da iyali za su iya bi duk ran da ciwo, ko annoba, ko cikar rafi da damina ya hana zuwa majami'a. A tsai da lokaci ɗaya, a ajiye gicciye da kyandir. Maigida ko uwargida ya buɗe da Alamar Gicciye da roƙon gafara. Yaro mai karatu ya karanta Bisharar ranar. A yi roƙo domin marasa lafiya, da matattu, da maƙwabtanmu Musulmi, sa'an nan kowa ya roƙi Yesu ya zo zuciyarsa, wato Tarayya ta ruhu.

Amma mu lura: wannan addu'a ba ta maye gurbin Hadaya Mai Tsarki. Fada kaɗai ke keɓe gurasa da ruwan inabi. Wanda ya saba zaman gida tun kwanakin kulle, alhali lafiyarsa ƙalau, hanya kuma a buɗe, yana hana kansa abincin rai. Bari ya komo.

Tambayoyi domin nazari:
1. Yaushe rabon gidanku da yin addu'a tare?
2. Wane tsoho ko majinyaci ne a unguwarku ba ya iya zuwa majami'a? Wa zai sanar da katekist ko Fada a kai masa Tarayya?