Ina Wutsiyar Ɗan Kwaɗo Ta Tafi?

Ku dubi ɗan kwaɗo cikin kududdufi. Yana da wutsiya. In ya girma, babu ita.

Jikinsa da namu duk tarin ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu. Cikin kowace ƙwaya akwai ma'aikata, sunansu furotin. Waɗansu aikinsu kashe ƙwayar, waɗansu kuwa suna riƙe da su. In lokaci ya yi, sai makasan su kuɓuce, ƙwayar ta mutu. Haka wutsiyar ke ƙarewa.

Masana sukan sa wa furotin alama mai haske, su duba da madubin likita, su ga wa ya kama wa. Don me? Domin ƙwayar da ta ƙi mutuwa, ta yi ta yaɗuwa, ita ke zama ciwon daji.