Darasin Turanci: Me Ake Rubutawa a Gurbin "Nationality"?

Darasinmu na wannan Juma'ar a kan kalma ɗaya ce, wadda duk mai cike fom a ƙasar nan sai ya ci karo da ita, ko na buɗe asusun banki, ko na fasfo, ko na sa yaro makaranta, ko na kujerar Hajji. Kalmar ita ce nationality.

Abin da ake nufi da ita a takarda shi ne ƙasar da doka ta san kai ɗanta ne, wato ƙasar da za ta ba ka fasfo. Sau da yawa za ka ga mutum ya rubuta Hausa ko Kano a wurin, kuma ba abin mamaki ba ne, don mu a nan Kudu in aka ce "kai ɗan ina ne?" garinka ko yarenka za ka faɗa. Amma fom kowace tambaya da gurbinta. State of Origin jihar asali ce, LGA ƙaramar hukuma, Tribe ko Ethnic Group kuwa ƙabila. Hausa a wannan na ƙarshen kaɗai take shiga.

Sai a lura da wannan. In an rubuta Country, sunan ƙasar ake so: Nigeria. In an rubuta Nationality, sifar mutumin ake so: Nigerian. Haka ma a baki, "I am Nigerian" ake cewa. Wanda ya ce "I am Nigeria" ya ce shi ne Najeriya ɗungurungum. Kuma kullum da babban baƙi ake fara rubuta ta, ko da a tsakiyar jimla ta zo.

Ƙarshen kalmar ba shi da ƙa'ida guda, sai dai a haddace. Mutumin Gana Ghanaian ne, na Chadi Chadian, na Kamaru Cameroonian, amma na Togo Togolese, na Sudan Sudanese, na Saudiyya kuma Saudi. Mai fasfon Birtaniya British yake rubutawa, ko da a Ingila aka haife shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗan Najeriya Nigerian ne, ɗan Nijar kuma Nigerien. Harafi ɗaya tak ya raba su, "a" da "e", amma ƙasa biyu ce, hukuma biyu, fasfo biyu. A sahunmu akwai mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da dama, yarenmu ɗaya, shigarmu ɗaya, shi ya sa ma'aikacin da ke shigar da bayanai a kwamfuta yakan ga Nigerien ya ɗauka kuskuren rubutu ne, ya "gyara" maka ba tare da ya tambaya ba. Ranar da aka gwama wannan takarda da fasfonka aka ga sun saɓa, kai za a tuhuma, ba shi ba. Gyaran kuwa sai an yi ta safa da marwa, wani lokaci har da rantsuwar kotu, kasuwa kuma tana jira. Don haka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka ce a nuna maka harafin, ko ka je da wanda ya iya karatu. A fasfo abin ya fi sauƙin ganewa: lambar Najeriya NGA ce, ta Nijar NER. Shi kuma mutumin Minna ko Kwantagora, Niger ɗinsa a gurbin jiha zai sa ta, a gurbin ƙasa Nigerian ne.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga wata kalma mai ma'anar haihuwa, amma kada wannan ya ruɗe ku. Wurin haihuwa gurbinsa daban, Place of Birth. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 bai ce duk wanda aka haifa a Najeriya ɗan ƙasa ne ba. Wanda aka haifa a nan bayan samun 'yancin kai, sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ke nan yaron da aka haifa a Agege, uwa da uba da kakanni duk mutanen Nijar, ba zai rubuta Nigerian don haihuwar kawai ba. In kuwa mahaifiyarsa 'yar Katsina ce, ya samu ta wajenta, dokar ba ta ce sai uba ba. Wanda ke da ƙasa biyu shi ake cewa yana da dual nationality.

A jaridun Kudu za ku riƙa ganin ethnic nationalities, suna nufin ƙabilu irin su Yarabawa da Ijaw da Tibi. Wannan salon 'yan siyasa da marubuta ne, ba na cike fom ba. In kuma kun ji an ce foreign nationals, baƙi 'yan wata ƙasa ake nufi. Bahaushen Zariya da ke zaune a Anacha, ko masu gari suna kiransa baƙo, ba ya cikinsu.