DARASIN WANNAN WATA: Fadama Ita Ce Littafin Kimiyyar Yaranmu



Yau za mu yi magana a kan littafin aikin kimiyya. Wannan littafi ne da ake ba ɗan firamare ko ɗan ƙaramar sakandare bayan littafin karatu. A cikinsa akwai tambayoyi da hotuna da gurbin rubuta amsa. Yaro yana yin gwaji da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani da idonsa.

Iyaye da yawa sukan ce ba su da kuɗin saye. Wasu kuma sukan ce da Turanci aka rubuta shi, ba za su iya taimakon yaro ba. To, kada wannan ya karya mana gwiwa. Littafin rubutu guda ɗaya da fensir sun isa. Kayan gwajin kuwa suna nan a gidajenmu da gonakinmu. A kowane shafi yaro ya rubuta abu uku: me na yi, me na gani, me ya sa haka.

GWAJI NA ƊAYA: ƘASA

A samo gwangwanin tumatir guda 3. A huda gindin kowanne da ƙusa. A zuba rairayi a na farko, ƙasar gona a na biyu, lakar fadama a na uku. Sai a zuba ruwa ludayi ɗaya a kowanne.

Ruwa zai riga wucewa ta cikin rairayi, domin ƙwayoyinsa manya ne, akwai kafa a tsakaninsu. Laka kuwa za ta riƙe ruwa, domin ƙwayoyinta ƙanana ne, sun matse da juna. Shi ya sa muke shuka shinkafa a fadama, gero da gyaɗa kuma a jigawa. Daga irin wannan ƙasa mai rairayi jiharmu ta sami sunanta lokacin da aka kafa ta a 1991.

GWAJI NA BIYU: INA RUWA YAKE TAFIYA?

A zuba ruwa daidai wa daida a faranti biyu. A ajiye ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Yaro ya riƙa dubawa safe da yamma. Na rana zai riga ƙafewa. Zafi ne yake mai da ruwa tururi, ya tashi sama ba a ganinsa. Can sama sai ya yi sanyi, ya taru ya zama gajimare, ya dawo a matsayin ruwan sama. Haka tafkuna suke ƙafewa da bazara.

Ruwa idan zai tashi yana ɗauke zafi ya tafi da shi. Dalilin ke nan da ruwan randa yake da sanyi. Wani malami a Dutse, Muhammad Bah Abba, ya yi amfani da wannan ilimi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da gauta da barkono suka riƙa daɗewa a ciki ba su lalace ba. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Ku gwada a gida. Yaro ya ajiye tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ya ƙirga kwanaki.

GWAJI NA UKU: AWON RUWAN SAMA

A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da bishiya da indararo. Duk lokacin da aka yi ruwa, yaro ya tsoma rula ya auna zurfinsa. Ya rubuta kwanan wata da yawan ruwan, sannan ya zubar. Idan damina ta ƙare ya tara lissafin.

A nan akwai abin lura. Wani lokaci gwangwani ba kowa a ciki, amma kogi yana ta cika. Me ya sa? Domin ruwan Kogin Haɗejiya daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu suka haife shi. A kansu akwai madatsar Tiga ta 1974 da madatsar Challawa ta 1992. Idan aka yi ruwa mai yawa a can, ko madatsun suka cika suka tumbatsa, sai ruwan ya gangaro mana. Ga shi kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Mun ga irin wannan ambaliya a 2020 da 2022. Yaron da ya gane haka, idan ya girma ba zai raina gargaɗin ambaliya don bai ga hadari ba.

GARGAƊI

Kada a aiki yaro cikin kogi ko kududdufi don neman laka. Babba ya ɗebo masa. Bayan haɗarin nutsewa, akwai ƙananan dodon koɗi a ruwan da ke kwance, waɗanda suke ɗauke da cutar tsargiya. Idan yaro ya fara fitsarin jini, a kai shi asibiti. Akwai magani.

Malam, ko da ba ka jin Turanci, ka san ƙasa da ruwa fiye da abin da ke cikin littafin. Malama, ke ma haka. Ku zauna da yaran, mata da maza, su karanta muku abin da suka rubuta. Ranar Litinin su kai wa malaminsu ya duba.

TAMBAYOYI

1. Wace ƙasa ce ta fi riƙe ruwa?
2. Me ya sa ruwan randa yake da sanyi?
3. Waɗanne koguna ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya?
4. Me za ka yi idan ɗanka yana fitsarin jini?

Ku rubuta amsoshinku, ku nuna wa malamin ajinku. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.